'Har yanzu shiru?': Doguwar tafiyar ma'auratan da ke neman haihuwa a Najeriya

Tambayar ba ta zuwa da ƙarfi a farko. Wata uku ko huɗu bayan an kai amarya, 'yan uwa mata kan fara ƙare mata kallo idan ta shigo taro: ko ta yi haske, ko ta fara gudun ƙanshin girki, ko ɗaurin zanenta ya sauya. Idan shekara ta zagayo, sai kallo ya koma magana: "Har yanzu shiru?" Idan aka shiga shekara ta uku, maganar kan bar bakin ƙawaye ta koma ɗakin uwar miji, daga nan kuma a fara kawo wa miji shawarar ƙarin aure.

Matar da ta daɗe cikin wannan hali ta san ranakun da suka fi nauyi. Akwai ranar sunan ƙanwarta da aka aurar a bayanta, inda za ta wuni tana rabon abinci, ana miƙa mata jariri ana cewa Allah Ya kawo nata. Akwai kuma ranar da babu wanda ya san da ita sai ita kaɗai, wato ranar da al'ada ta dawo bayan jinkirin kwana huɗu ko biyar, alhali ta riga ta fara lissafin watan haihuwa a zuci.

Abin da ba a cika faɗa wa irin wannan mata ba shi ne, halin da take ciki yana da suna a asibiti, yana da dalilai sanannu, kuma da yawa daga cikinsu suna da magani. Ba a kuma cika faɗa mata cewa shekarun da ake ɓatarwa kafin a je asibitin suna rage mata damar da kuɗi ba zai iya dawo da ita ba.

Mutum ɗaya cikin shida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana rashin haihuwa da cewa lalura ce ta jikin namiji ko ta mace, wadda ake tabbatar da ita idan ma'aurata suka yi wata 12 ko fiye suna saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba, amma ciki bai shiga ba.

A rahoton da ta fitar a watan Afrilun 2023, hukumar ta ce kimanin kashi 17.5 cikin 100 na manya a duniya, wato kusan mutum ɗaya cikin shida, sukan fuskanci wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsu. Bambancin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da masu tasowa kaɗan ne: kashi 17.8 a na farko, kashi 16.5 a na biyu. Inda aka bambanta shi ne wajen samun magani da kuma irin kallon da jama'a ke yi wa wanda abin ya shafa.

A Najeriya, yawan haihuwa ya rufe wannan matsala. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace kan haifi 'ya'ya 5.3 a matsakaicin lissafi, daga 3.4 a Jihar Legas zuwa 7.3 a Jihar Katsina. A ƙasar da hankalin hukumomi ya karkata ga tazarar haihuwa da rage mutuwar mata wajen naƙuda, wadda ba ta samu ko ɗaya ba takan zama ba ta cikin lissafin kowa. Ga shi kuwa a inda kowace maƙwabciya ke da goyo, raɗaɗin rashin ya fi tsanani.

Al'amarin bai tsaya ga gorin kishiya da kiran mace juya ba. Ya taɓa matsayinta a gidan, ya taɓa tsufanta, ya kuma taɓa gado. A shari'ar Musulunci, matar da mijinta ya rasu bai bar ɗa ba tana da rubu'in dukiyarsa, sauran ya tafi ga danginsa. Wadda ke da 'ya'ya sumuni take samu, amma kaso mafi tsoka yana hannun 'ya'yanta, ta ci gaba da zama a inuwarsu. A wasu al'adun kudancin ƙasar nan kuwa, matar da ba ta haihu ba kan bar gidan mijinta da akwatinta kaɗai bayan an binne shi.

Gwajin da maza ke gudu

Likitocin mata a asibitocin koyarwa sun saba da wannan yanayi: mace ta zo ita kaɗai, riƙe da jakar takardun gwaje-gwaje na shekaru, idan aka tambayi maigida sai a ji yana wurin aiki, ko kuma ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Binciken likitoci a sassan duniya ya nuna cewa ɓangaren namiji yana da hannu a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa, ko dai shi kaɗai ko tare da na mace. Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar kuzarin namiji a shimfiɗa a matsayin shaidar cewa zai iya ba da ciki. Abu biyu ne daban. Namiji na iya zama da cikakken ƙarfi, maniyyinsa ya fito kamar na kowa a ido, amma idan aka duba da madubin likita a tarar ƙwayoyin da ke cikinsa sun yi kaɗan, ko ba sa motsi yadda ya kamata, ko ma babu ko ɗaya.

Dalilan suna da yawa. Akwai hangum idan ya kama namiji bayan balaga ya sauka a maraina. Akwai ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba har ya toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, da marainan da ba su sauko ba tun yarinta, da rauni ko tiyatar da aka yi a wurin. Shan taba, ƙiba, ciwon suga da yawan zafi a wurin su ma suna rage inganci. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, allurar sinadarin maza ta testosterone, wadda wasu ke yi don ƙarin ƙarfi ko gina jiki, tana hana maraina yin ƙwayoyin haihuwa, har ta kai su ga ɗaukewa gaba ɗaya.

Gwajin maniyyi na cikin mafi sauƙi da araha a duk binciken rashin haihuwa. Ba a yanka, ba a allura. Namiji zai ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da samfur a ɗakin gwaje-gwaje, a ba shi sakamako. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana sa ran samun aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita. Idan sakamako bai yi kyau ba, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Akan maimaita bayan kimanin wata uku, domin jiki na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya kammala sababbin ƙwayoyi, kuma ko zazzaɓi mai zafi na iya ɓata sakamako na ɗan lokaci.

Idan namiji ya ƙi wannan gwaji ya zaɓi ƙarin aure a madadinsa, amarya ce ke zama ma'auni. In matsalar daga gare shi take, sai a wayi gari mata biyu suna zaman jira a gida ɗaya, shekarun haihuwarsu suna tafiya. Wanda ya taɓa haihuwa a baya ma bai kuɓuta ba, domin ciwo ko shekaru na iya sauya abin da yake a da. Ranar wanka, in ji masu iya magana, ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke tare hanya a jikin mace

Kafin ciki ya shiga, dole ne ƙwai ya nuna ya fito daga ma'ajiyarsa, ya shiga ɗaya daga cikin bututu biyu da ke kai wa mahaifa, ya haɗu da ƙwayar namiji a can, sannan ya gangara ya manne a bangon mahaifa. Ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai bayan fitowarsa, ƙwayoyin namiji kuwa kan kai kwana biyar a jikin mace. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki ba su wuce shida ba a kowane wata. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana jinkirin wasu ma'auratan da aiki ya raba, miji yana Fatakwal ko Legas, mata tana Gusau, ana haɗuwa sau ɗaya a wata biyu.

A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, toshewar bututun mahaifa na kan gaba cikin dalilan rashin haihuwar mata. Yawanci tabo ne da wata cuta ta bari: cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda wasunsu ba sa nuna alama ko kaɗan a jikin mace, ko ƙwayoyin cutar da suka shiga bayan haihuwa a gida, bayan ɓari, ko bayan zubar da ciki a wurin da babu tsafta. Tarin fuka da tsargiya ma kan taɓa mahaifa da bututunta. Shi ya sa ake yawan ganin matar da ta haifi ɗaya, daga nan shiru ya biyo baya shekara da shekaru. Wankin ciki da aka yi da ganganci ko aka maimaita shi sau da yawa na iya sa bangon mahaifa ya manne da juna, al'ada ta ragu ko ta ɗauke.

Sai matsalar rashin fitar ƙwai. Mafi shahara ita ce lalurar da likitoci ke kira PCOS, wadda alamominta suka haɗa da al'ada mai tsallake watanni, ƙiba, ƙuraje da fitowar gashi a haɓa ko ƙirji. Akwai kuma yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono, har mace ta ga nono na zuba alhali ba ta shayarwa. Ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, ba kowane ne ke hana ciki ba. Wanda ya tsiro ta cikin mahaifa ko ya danne bakin bututu shi ne abin damuwa.

Bayan duk waɗannan akwai shekaru. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai miliyan ɗaya zuwa biyu, ba ta kuma yin sababbi. Kafin ta balaga sun ragu zuwa dubu 300 ko 400. Daga shekara 35 yawansu da ingancinsu kan faɗi da sauri. Saboda haka likitoci ke cewa matar da ta kai 35 kada ta jira shekara guda. In wata shida ya wuce babu labari, ita da mijinta su nemi asibiti.

Kasuwar masu neman haihuwa

Tsakanin shekarar farko ta jira da ranar da ake isa hannun ƙwararren likita, akwai wata babbar kasuwa. Tana nan a tashoshin mota inda lasifika ke tallar maganin sanyi, tana cikin shirye-shiryen rediyo da ake saye, ta kuma cika Facebook da TikTok da WhatsApp. Akwai jiƙo, akwai gumba, akwai hayaƙi, akwai matsi. Kusan kowace matsala sunanta ɗaya a wannan kasuwa: sanyi, ko kuma aljani.

Addu'a da sadaka ba su taɓa hana kowa zuwa asibiti ba, kuma malamai na gari su ne kan fara cewa a je a nemi magani. Haɗarin yana wurin masu cin kasuwa da hawayen mutane. Wasu abubuwan da ake cusawa a gaba suna ƙona fatar wurin, su bar tabon da zai tsuke hanya, matar da ta je neman haihuwa ta dawo da sabon ciwo.

Ko maganin asibiti ma ya shiga wannan kasuwa. Ƙwayar clomiphene, wadda aka fi sani da Clomid, ana sayenta a kemis ba tare da takardar likita ba, ƙawa ta ba ƙawa. Aikinta shi ne sa ƙwai ya fito ga matar da nata ba ya fita. Ba ta buɗe bututun da ya toshe, ba ta kuma gyara maniyyi. Ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce kimanin wata shida ana shan ta, kuma a riƙa duba mace da na'urar hoto, domin takan sa ƙwai da yawa su nuna lokaci guda.

Mafi muni shi ne abin da sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ya bankaɗo a watan Nuwamban 2024 a Jihar Anambra. Wasu masu kiran kansu likitoci suna karɓar maƙudan kuɗi daga matan da suka daɗe suna nema, su yi musu allurai ko su ba su abin sha har ciki ya kumbura, su ce musu suna ɗauke da wani irin ciki da na'urar asibiti ba ta iya gani, wanda kuma zai iya wuce wata tara. Ranar "haihuwa" sai a gusar wa mace da hankali, ta farka a miƙa mata jaririn da aka raba da uwarsa.

A Arewa ma an san zancen kwantaccen ciki, inda mace za ta yi shekara biyu ko uku tana jiran cikin da aka ce ya kwanta ya tashi. Hoton ciki na 'yan mintuna yana warware wannan: ko ɗan tayi ne ya mutu bai fita ba, ko ƙari ne, ko kuma al'ada ce ta ɗauke saboda wata lalura da ke buƙatar magani.

Matakan magani

Mutane da yawa suna jin an ce maganin rashin haihuwa sai hankalinsu ya tafi ga IVF da miliyoyin naira, su haƙura tun kafin su fara. Alhali IVF shi ne matakin ƙarshe, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba.

Binciken farko abu uku yake nema: shin maniyyin miji yana da inganci, shin matar tana fitar da ƙwai, shin kuma bututunta a buɗe suke. Na farko gwajin maniyyi ne. Na biyu gwajin jini ne da hoton ciki. Na uku shi ne hoton HSG, wanda ake yi bayan ɗaukewar al'ada da 'yan kwanaki, a zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya ratsa bututun. Ana yin waɗannan duka a asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya da ke faɗin ƙasar nan.

Daga sakamakon ne magani ke fitowa. Wata rage ƙiba da ƙwayar letrozole ko clomiphene kaɗai take buƙata. Wata maganin rage sinadarin nono zai dawo mata da al'ada. Wata tiyata ce za a yi a cire ƙari ko a raba mahaifar da ta manne. Wani mijin za a yi wa aikin jijiyoyin maraina, ko a ce ya bar taba da allurar ƙarfi ya dawo bayan wata uku. Idan maniyyi ya ɗan yi rauni amma bututun mace lafiya lau, akwai hanyar IUI, inda ake tace maniyyin miji a zuba shi kai tsaye cikin mahaifar matarsa a ranar fitar ƙwai. Akwai kuma ma'auratan da za a bincika a rasa gano komai, waɗanda wasunsu kan samu ciki daga baya ba tare da wani magani ba.

Jaririn da ba a kwalba yake girma ba

Ranar 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, jaririya ta farko da aka samu cikinta ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki. Mahaifiyarta ta yi shekara tara tana nema saboda toshewar bututu. Likita Patrick Steptoe da masanin kimiyya Robert Edwards ne suka jagoranci aikin, kuma a 2010 aka ba Edwards lambar yabo ta Nobel. Ita kanta Louise ta haifi ɗanta na fari a 2006 ba tare da taimakon wannan hanya ba. Zuwa yau an haifi yara fiye da miliyan 10 ta IVF a duniya.

Najeriya ba ta makara ba. Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru sun fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun shekarun 1980, suka kuma ba da rahoton haihuwar jariri ta wannan hanya a 1989. A watan Fabrairun 1998 aka haifi wata jaririya a asibitin Nisa Premier da ke Abuja a hannun Dokta Ibrahim Wada, haihuwar da ta ja hankalin ƙasa baki ɗaya. Yau akwai cibiyoyi masu yawa, galibinsu masu zaman kansu a Legas da Abuja da Fatakwal, sai 'yan kaɗan na gwamnati irin su Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Sunan "jaririn kwalba" ya sa wasu na zaton a cikin gilashi ake rainon yaro. Ba haka ba ne. Mace kan yi kwana 10 zuwa 12 tana karɓar allura kullum domin ƙwai da yawa su nuna maimakon ɗaya, ana bibiyarta da hoto. Idan sun kai, sai a yi allurar ƙarshe, bayan kimanin awa 36 a sa ta barci a zuƙo ƙwan da siririyar allura. A ranar miji zai ba da maniyyi, a haɗa su a ɗakin gwaje-gwaje. Idan ƙwayoyin mijin sun yi ƙaranci ƙwarai, akwai dabarar ICSI da aka fara a Beljiyam a 1992, inda ake ɗaukar ƙwaya ɗaya tak a soka ta cikin ƙwai. Bayan kwana uku zuwa biyar a na'urar reno, sai a mayar da ɗan tayin cikin mahaifar uwarsa ta wani siririn bututu. Daga nan ciki ne kamar kowane ciki, da laulayinsa da wata taransa. Sauran 'yan tayin akan daskarar da su don gaba. Ma'auratan da dukansu ke ɗauke da ƙwayar sikila ma suna bin wannan hanya, a gwada 'yan tayin kafin dashe a zaɓi wanda ba zai zo da cutar ba.

Sai dai babu cibiyar da za ta iya ba da tabbaci. Alƙaluman Birtaniya na 2019 sun nuna cewa a duk dashe 100, an samu haihuwa 32 ga matan da ba su kai shekara 35 ba, 25 ga masu 35 zuwa 37, 19 ga masu 38 zuwa 39, 11 ga masu 40 zuwa 42, sai 5 kacal ga masu 43 zuwa 44. Wannan a ƙasar da ake sa ido sosai ke nan. Ma'anarsa ita ce, ko ga mace mai ƙuruciya, rashin dacewa a zagayen farko ya fi dacewa yawa. Ma'anarsa ta biyu ta fi ɗaci: matar da ta fara nema tana da shekara 28, aka yi ta zagaye da ita har ta kai 41 kafin a zo asibiti, an cinye mata kashi biyu cikin uku na damarta.

Hanyar tana da haɗurranta. Alluran kan sa ma'ajiyar ƙwai ta kumbura fiye da kima, ruwa ya taru a ciki, har a kwantar da mace. Dasa 'yan tayi uku ko huɗu lokaci guda don neman tagwaye, abin da ma'aurata da yawa ke roƙo saboda kuɗin da suka kashe, yana jawo haihuwar bakwaini da hawan jini ga uwa.

Kuɗi, addini da doka

Zagaye ɗaya na IVF a Najeriya yana cin miliyoyin naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira dubu 70 a 2024. Magunguna da kayan aikin duk daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ɗaga farashin. Na'urar reno kuma ba ta jure ɗaukewar wuta, dole cibiya ta dogara da janareta da batura dare da rana. Yawancin tsare-tsaren inshorar lafiya ba su ɗauki nauyin wannan magani ba. Ana sayar da fili, ana sayar da gwal, ana cin bashin ƙungiyar ma'aikata. Tallafin da ake samu na 'yan tsirarun gidauniyoyi ne, irin wadda marigayiya Ibidunni Ighodalo ta kafa a Legas bayan ita kanta ta sha wannan gwagwarmaya, kafin rasuwarta a 2020.

Ta fuskar addini, malaman Musulunci sun daɗe da yin magana. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, wanda daga baya ya zama Shehin Azhar, ya ba da fatawar halascin wannan magani tsakanin miji da matarsa. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta duba hanyoyi bakwai, ta halatta biyu idan akwai buƙata: haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje a mayar cikin mahaifarta, da zuba maniyyin miji a mahaifar matarsa. Ta haramta duk hanyar da wani na uku ya shigo, ko da maniyyi, ko da ƙwai, ko da aron mahaifa, ko da kuwa mahaifar kishiya ce, saboda kare nasaba. A ɓangaren Kirista, Cocin Katolika ba ta amince da IVF ba, yayin da coci-coci da dama suka bar wa ma'aurata zaɓi.

Doka ce ta rage a baya. Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojinta a 2019, ƙungiyar likitocin wannan fanni ma tana da nata, amma an sha kai ƙudirori Majalisar Tarayya ba tare da an samu cikakkiyar dokar ƙasa ta musamman ba. Saboda haka nauyin bincike yana kan ma'aurata: su tabbatar likitan ƙwararre ne mai rajista, su nemi a faɗa musu yawan waɗanda suka haihu, ba yawan waɗanda gwaji ya nuna suna da ciki ba, su san jimillar kuɗi tun farko, su kuma nemi a rubuce cewa ƙwansu da maniyyinsu kaɗai za a yi amfani da su.

Mako biyu mafi tsawo

Bayan dashe, sai an jira kimanin mako biyu kafin gwajin jini ya nuna ko ciki ya kama. A waɗannan kwanaki mace kan ji tsoron hawa bene, tsoron atishawa, tsoron shiga banɗaki. Da yawa suna yin wannan jira a ɓoye, dangi ba su san an yi ba, don gudun a ce wa yaron ɗan kwalba ko a yi shakkar ubansa. Idan sakamako ya zo babu, babu zaman makoki, babu mai zuwa jaje. Washegari za ta koma aiki, ko ta tafi wani sunan.

A nan ne matsayin miji ke bayyana. Wanda ya ba da nasa gwajin tun ranar farko, ya zauna kusa da matarsa a gaban likita, ya kuma tare mata maganganun danginsa da cewa al'amarin nasu ne su biyu, ya ɗauke mata rabin kayan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai waɗanda za su bi dukkan matakan nan su dawo hannu rabbana, domin ilimin likita yana da iyaka, kuma haihuwa kyauta ce ta Allah. Al'adar Hausa ta tanadar wa irin waɗannan wata ƙofa tun kafin zuwan asibiti, wato riƙo. Gidaje da yawa sun tashi a hannun gwaggo ko inna da ba ta taɓa haihuwa ba, ta yaye, ta aurar, jikoki suka cika mata ɗaki.

Amma kafin a kai ga haƙuri, akwai abin da ke hannun mutane. Gwaje-gwajen farko guda uku ba sa ɗaukar fiye da wata ɗaya ko biyu. Abin da suke buƙata shi ne mutum biyu su shiga ɗakin likita tare, tun shekarun matar suna gefenta.